Fitar farko daga Zariya: Nijar, Gana, Umara, Masar ko Dubai?

Duk wanda sabon fasfo ya shigo hannunsa, tambayar da ke biyo baya ita ce ina zai fara nufa. A Zariya amsoshin ba su cika yawa ba. Malamin jami'a a Samaru yana hangen Ingila, ɗan kasuwar Sabon Gari yana maganar Dubai, dattijuwa a cikin birni ba ta da burin da ya wuce ta yi arba da Ka'aba, ɗalibin harabar jami'a ta Kongo kuwa ko ina ne ma, in dai za a buga masa hatimi. Ni a ganina tafiyar farko ta koyon tafiya ce. Ƙasar da ta dace da ita ita ce wadda shigarta ba ta rataya a kan sa'a ba, wadda in ka ɓata hanya za ka samu mai jin bakinka, wadda kuma guzurin da ka tara zai kai ka ya dawo da kai ba tare da ka buga waya gida a turo maka ba. Da waɗannan abubuwa uku nake auna kowace ƙasa, kuma sun fi mini hotunan da ake gani a waya muhimmanci.

Kafin a kai ga zaɓi, akwai takardu biyu da ba makawa. Fasfo iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma, kuma sai sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da abin da ke kan lambar NIN, in ba haka ba aikin zai tsaya. Yawancin ƙasashe suna son ya rage aƙalla wata shida kafin fasfon ya ƙare. Na biyu shi ne katin allurar shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Allurar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Kada kuma a sayi kati ba tare da an yi allurar ba. Ciwon shawara yana kisa, kuma lafiyarka ce a ciki kafin maganar jami'in kan iyaka.

Nijar ce ta fi kusa, ita ce kuma ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Daga Zariya zuwa Kano tafiyar awa biyu ce ko sama da haka kaɗan, daga Kano zuwa Damagaram kuwa kimanin kilomita 240 ne ta Daura. Wanda ya yi sammako zai iya yin sallar la'asar a can. Damagaram gari ne da ya cancanci a gani. Ita ce hedikwatar Nijar a zamanin Faransa har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram da gidajen Zango masu zane a bango suna nan. Bazazzagin da ya saba ganin aikin maginan Zazzau a masallacin Juma'a na cikin birni zai ji daɗin kwatanta hannun maginan can da na gida. Maraɗi kuma ta Katsina da Jibiya ake zuwa, kuma tarihinta zai yi wa ɗan Zariya kama da wanda ya sani: sarakunan Katsina da suka bar gari bayan jihadi su ne suka kafa ta, kamar yadda na Zazzau suka kafa garin da yanzu ake kira Suleja.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ke rage wa Nijar maki. Na farko, hanya. Yankin Jibiya ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, yammacin Nijar wajen Tilaberi ba wurin yawon baƙo ba ne, Agadas kuma, duk da hasumiyar masallacinta ta laka da ta shahara a duniya, ta yi nisa ga mai fitar farko. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka na tsawon watanni, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ana ci gaba da shige da fice, amma bincike ya ƙaru, don haka ka riƙe cikakken fasfonka, kada ka dogara da katin ɗan ƙasa kamar yadda ake yi a da. Abu na biyu shi ne Nijar ta yi kama da gida da yawa. Hausa ce a kasuwa, fura ce da kilishi, kiran salla iri ɗaya. In ban da sefa da Faransancin kan allunan hanya, da wuya ka ji ka bar gida. Ga mai 'yan'uwa a can ko mai son tarihin ƙasar Hausa, tafiya ce mai albarka. Ga wanda yake son ya koyi hawa jirgi, kama ɗaki a otal, da zama cikin mutanen da ba irin nasa ba, ba za ta koya masa da yawa ba.

Wannan ne ya sa Gana ta fi kwanta mini a rai ga saurayi ko magidancin da zai fita don buɗe ido. Ba a neman biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ya zauna har kwana 90, fasfo da katin shawara kawai za a duba. Turanci ne harshen hukuma, saboda haka allon hanya da takardar otal ba za su gagare ka ba. Abin da ya fi wannan kuma, Hausa tana raye a Gana. Ka shiga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, za ka ji ana ciniki da Hausa, har a bakin mutanen da kakanninsu Dagomba ne ko Mosi ko Zabarmawa. Hausar tasu ta sha bamban da ta Zazzau, suna da nasu karin harshe, amma babu abin da zai shige maka duhu. Kana cikin ƙasar da ta bambanta da taka ta fuskar abinci da addinin mafi yawan jama'a da tsarin sarauta, amma in abu ya rikice, mota ɗaya za ka hau ka faɗa cikin masu ce maka sannu da zuwa. Sai da ɗan gari kan ci gari, kuma a Gana ɗan garin yana jin yarenka.

Wannan zumunci ba jiya ya fara ba. Fataken Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da fata da tufafi su dawo da goro. Salaga ce babbar kasuwar wannan fatauci, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya watsa mazaunanta zuwa Kumasi da Kete Karaci da sauran garuruwa. Malam Umaru na Salaga, haifaffen Kano da ya rasu a Kete Karaci a 1934, yana cikin manyan malaman da wannan hanya ta kai can. Zanguna da yawa da za ka gani a Gana yau jikokin wancan fatauci ne. Ina ganin babu ƙasar da Bahaushe zai je ya ga girman sawun kakanninsa a fili kamar nan.

A cikin Gana kuma, Akra da Kumasi ba abu ɗaya suke bayarwa ba. Akra birnin teku ce, ga wanda bai taɓa tsayawa a bakin teku ba wannan kaɗai ya isa dalili. A can ne kabarin Kwame Nkrumah yake, a wurin da ya shelanta 'yancin ƙasar ranar 6 ga Maris 1957. Akwai babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya, mai kubbobi irin na Santambul, kuma tafiya kaɗan ce daga Nima. Amma Akra tana da tsada, musamman masauki, kuma mai riƙe da naira zai ji a jikinsa. Kumasi ta fi sauƙi, ta kuma fi kama da garin da Bahaushe zai sake. Tsakaninsu kimanin kilomita 250 ne, manyan motocin safa suna yi cikin awa biyar ko shida saboda cunkoso. Kasuwar Kejetiya tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, fadar Manhiya ta Sarkin Asante tana da gidan tarihi, kuma wanda ya taso yana kallon hawan daushe zai so ya ga yadda wata sarauta mai ƙarfi take gudanar da nata al'amarin. In da hali, a ware yini ɗaya don Kef Kos da Elmina a yammacin Akra. Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, daga baya ta zama ma'ajiyar bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka cusa mutane a ciki suna nan, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ajiye a can daga arewa aka gangaro da su. Wuri ne da ya kamata mutum ya shiga da nutsuwa.

Maganar abinci ba matsala ba ce in ka san inda za ka nufa. A kudancin Gana ana sayar da naman alade a fili, don haka nama a saye shi a zango. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake, tuwon zafi da miyar ayoyo, duk suna nan. Gargaɗi ɗaya ga ɗan kasuwa: dokar Gana ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi a kan haka. Ka je a matsayin baƙo mai kallo, kada ka ɗauki kaya da niyyar baza su a kasuwa.

Ta ƙasa ko ta sama? Ta ƙasa sai ka sauka Legas, ka bi Seme, ka ratsa Kwatano, ka shiga Togo ta Hilakonji, ka wuce Lome, ka shiga Gana ta Aflawo. Iyakoki uku ke nan, hatimi shida, kuma matafiya sun sha kokawa da kuɗaɗen da ake nema a hannun mai sabon fasfo a wannan hanya. Tana da daɗinta, domin ka ga ƙasashe uku a tafiya ɗaya, amma bayan kwana a mota daga Zariya zuwa Legas gajiyar ba kaɗan ba ce. Ta sama kuwa, ka je tashar Rigasa a Kaduna ka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga can jirgi bai kai awa biyu ba zuwa Akra. In kuɗi ya isa, ni sai in ce a tafi ta sama, domin koyon filin jirgi yana cikin abin da aka fita nema. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya.

Umara kuwa ba a sa ta a sikeli ɗaya da sauran, domin ibada ce, kuma wanda zuciyarsa ta riga ta tafi Makka ba ya bukatar a kwatanta masa Kumasi. Amma tana da sharuɗɗanta na duniya da ya kamata a duba. Ta fuskar biza, tana cikin mafi tabbas, matuƙar ka bi ta kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba lasisi. Hukumar tana fitar da sunayen waɗannan kamfanoni, kuma duba sunan ejan a ciki kafin ka ba shi kobo shi ne abu mafi amfani da za ka yi wa kanka. Ta fuskar harshe, Hausa ba baƙuwa ba ce a Makka da Madina, akwai zuriyar alhazan da suka je a ƙafa tun kaka da kakanni, akwai ɗalibai, akwai masu sayar da tuwo. Ta fuskar kuɗi ne take da nauyi. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a dala ɗaya, ma'ana duk faɗuwar da naira ta yi tun da aka sake ta a Yunin 2023, kai tsaye take hawa kan kujerar Umara.

Ga mai zuwa karon farko, ina ba da shawarar a fara sauka Madina. Dalilin a bayyane yake. Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka, sai ya ɗaura harami a cikin jirgi ko tun daga Kano, ya yi niyya a sama kafin a wuce miƙati, ga gajiya ga ruɗanin filin jirgi, sannan ya shiga ɗawafi da sa'ayi a wannan hali. Wanda ya fara da Madina kuwa zai huta, ya saba da yanayi, ya ziyarci Ƙuba da Uhudu da Baƙi'a, sannan ya ɗauki harami a natse a Zul Hulaifa. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 450 ne, jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018 yana yi cikin awa biyu da rabi. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, don haka dattijon da bai saba da waya ba yana bukatar wani a kusa da shi. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi. Duk wanda zai kai mahaifiyarsa ya sa kuɗin keken turawa a lissafi, ya kuma fifita masauki na kusa da Harami a kan masauki mai ƙawa.

Lokaci yana canza komai a Umara. Goman ƙarshe na azumi ita ce kowa yake so, ita ce kuma mafi tsada da cunkoso, har mutum yakan rasa wurin sa goshi a cikin masallaci. Mai fitar farko ya fi samun natsuwa a watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara zafin Makka yana wuce digiri 45. Akwai kuma abin da ba zan gaji da faɗa ba: kada ka karɓi jakar kowa, kada ka riƙe wa kowa saƙon da ba ka buɗe ba, ka kuma tsaya a kan kayanka har a auna su a filin jirgi. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Goro ma an hana shiga da shi. Wanda kuma ya zarce wa'adin bizarsa da niyyar neman aiki, ɗauri da tara da haramcin komawa ne ke jiransa. Wanda bai sauke farali ba ya tambayi malaminsa kafin ya kashe abin da ya tara, domin Umara ba ta ɗauke wajibcin Hajji.

In aka cire lada, wanda ba ni da ma'aunin auna shi, Umara ba ta koya wa mutum tafiya sosai. Ejan ne zai nemi biza, shi zai kama ɗaki, mota na jiran ku, kuna cikin ayari daga tashi har dawowa. Ga dattijo ko matar da ba ta taɓa fita ba, wannan shi ne alherinta. Ga matashin da yake son ya tsaya da ƙafarsa a wata ƙasa, Gana ta fi koyarwa.

Masar tana tsakanin biyun. Akwai jirgi kai tsaye daga Kano zuwa Alƙahira, awa huɗu da wani abu, kuma abin gani a can ba ya ƙarewa. Azhar ta haura shekara dubu. Masallacin Amru ɗan Asi shi ne na farko da aka gina a Masar, na Ibn Ɗulun tun ƙarni na tara yake tsaye, ga kabarin Imamu Shafi'i, ga kasuwar Khan Khalili, ga dalar Giza da ta kai shekara 4,500. Mu ma muna da sawu a can: malamin nan masanin lissafi, Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741. Abinci yana da araha, da ful da ɗa'amiyya da koshari mutum zai wuni a ƙoshe, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma yana kai ka wurare da dama da kuɗi kaɗan. Iskandariyya tana bakin teku, awa uku a jirgin ƙasa. Amma biza sai an nema tun daga gida kuma takan ɗauki lokaci. Birnin yana da mutane sama da miliyan 20, hayaniyarsa tana gajiyar da baƙo. Wanda ya yi Larabci a makarantar Islamiyya zai tarar Larabcin titi wani abu ne daban. A wajen dala kuma masu raƙuma da masu jagora suna da naci, wanda bai iya cewa a'a ba zai biya ninki. Masar ta fi dacewa da tafiya ta biyu, sai fa in kana da ɗan'uwa ɗalibi a Azhar da zai tarbe ka, to a nan lissafin ya canza, tana iya zama ta farko. Wanda zai je asibiti ya bi takardar likita da alƙawarin asibiti a rubuce, kada ya haɗa jinya da yawo a kasafi ɗaya.

Dubai ce aka fi ambata, ita ce kuma na fi ja da baya a kanta. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka dawo da ita, kuma da sharuɗɗa masu tsauri da ke canzawa lokaci zuwa lokaci. Ba ƙasar da za ka gina burin fitarka ta farko a kanta ba ce. Birnin yana da tsafta da tsaro da masallatai ko'ina, abinci halal ne, hasumiyar Burj Khalifa mai mita 828 gaskiya ce ba labari ba. Amma kusan kowane abin kallo sai da tikiti, kuma dirhami ma a ɗaure yake da dala. Ɗan kasuwar da ke da abokin hulɗa a unguwar kasuwanci ta Dera, wanda ya san gwal ko turare ko atamfa yake nema, yana da dalilin zuwa. Wanda zai je don kallo kawai zai kashe abin da zai kai shi Gana har sau biyu, ya dawo bai zauna da ɗan ƙasa ko ɗaya sun yi hira ba, domin mafi yawan mazauna birnin baƙi ne 'yan ci-rani.

Ɗan Tijjaniyya yana da nasa lissafin. Senegal ba ta neman biza, kuma Madina Baye a Kaulaha, inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance tun 1975, tana cika da Hausawa lokacin Mauludi. Daga Dakar kimanin kilomita 190 ne. Matsalar ita ce tikiti yana da tsada, galibi sai an yada zango a wani birni, kuma da ka fita daga Madina Baye sai Wolof da Faransanci. A bi ayarin zawiyya ya fi a tafi shi kaɗai. Fas ta Maroko, inda zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani take, sai da biza. Ruwanda ma ana yawan maganarta yanzu, domin ɗan Afirka yana shiga ba tare da neman biza tun daga gida ba, Kigali kuma tana da tsafta da sanyi, an hana leda tun 2008, akwai unguwar Musulmi a Nyamirambo. Gari ne mai daɗi, amma kwana uku sun isa a gama shi, tikitinsa kuma bai yi arhar da za a ce don kwana uku aka saya ba.

Ingila da ƙasashen Turai da Amurka kuwa, in ba karatu ko taro ko gayyatar aiki ba, a ɗaga musu ƙafa. Kuɗin neman bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, Yuro 90 ne tun Yunin 2024, na Amurka dala 185, kuma ba a mayarwa in an hana. A shekarun nan sama da huɗu cikin kowane goma na 'yan Najeriya masu neman Shengen ana hana su. Mai fasfon da ba a taɓa bugawa ba, ba shi da tarihin fita da dawowa, yana cikin waɗanda aka fi zargi, kuma hanin farko yana bin mutum, domin takardun neman biza sukan tambaya ko an taɓa hana ka. Fita zuwa Gana ko Umara ko Masar da dawowa a kan lokaci ba ta ba da tabbacin komai, amma tana cikin abin da jami'in biza yake kallo.

Kowace ka zaɓa, ƙasa ɗaya da birane biyu sun isa. Masu haɗa Kwatano da Lome da Akra da Abijan cikin mako guda a tasha da kan iyaka suke ƙare kwanakinsu. Kuɗi kuma a raba shi: wani a canza tun daga gida, a banki ko wajen 'yan canjin Wapa a Kano, wani a bari a kati, domin katin naira ba kullum yake aiki a waje ba. Sefar Nijar da Benin da Togo da Senegal ɗaya ce, amma ba ita ce ta Kamaru da Chadi ba. A riƙe tikitin dawowa da adireshin masauki a takarda, ba a waya kaɗai ba, domin su ne abin da jami'in shige da fice ya fi tambaya. A ɗauki hoton shafin fasfo a bar wa wani a gida.

Saboda haka, dattijo da dattijuwa da duk wanda ibada ce ta tashe shi, Umara a lokacin sanyi, a fara da Madina. Mai ƙaramin guzuri da ke da 'yan'uwa a tsallake, Damagaram ta hanyar Daura, da rana, bayan ya tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki. Sauran kuwa, malamin makaranta, ma'aikacin asibitin Shika, ɗalibin da ya gama bautar ƙasa, ango da amarya, Gana. Mako ɗaya ya wadatar: kwana uku a Akra, a sa Juma'a a ciki don a yi salla a Kanda a ci abincin rana a Nima, yini ɗaya a Kef Kos da Elmina, kwana biyu a Kumasi, sannan a dawo Akra a kwana kusa da filin jirgi. A kauce wa Mayu da Yuni saboda ruwan sama a kudu, a kuma kauce wa ƙarshen Disamba, lokacin da 'yan ƙasar mazauna waje suke dawowa hutu kuɗin ɗaki ya tashi.